Kunnen Autanmu

Autanmu da kunnuwansa biyu yake aiki, kuma kowanne da abin da aka ɗora masa. Na hagu yana cikin samma'a, abin nan mai soso da ake kifawa a kunne, yana sauraron kiɗan da zai shigo. Na dama a buɗe yake, yana bin wanda mutane ke rawa da shi. Shi kuma yana tsakiya yana lallaɓa su har bugun wannan ya hau kan bugun wancan daidai, sai ya zare tsohon ya bar sabon, masu rawa ba su ma san an canza musu kiɗa ba. Wannan shi suke kira haɗi, mai yin sa kuma dije. Ranar da ya fara yi mini wannan bayani, cewa na yi Allah ya shirye shi, ya tashi ya kai wa Inna ruwan alwala.

Na girme shi nesa ba kusa ba, ni na goye shi. Ubanmu ya ƙarar da ƙarfinsa a gonakin audugar Jazira, ya kawo mu unguwar Alhilla Kuku a Hartum ya rasu, ya bar mana ɗakuna biyu da darbejiya a tsakar gida. A lokacin da nake ba da labari aurena ya mutu, na dawo gaban Inna, ina sayar da shayi a Kasuwar Umdurman. Auta yana da 'yar rumfar gyaran rediyo a layin da ke bayana. Tare muke tsallake gada da safe, tare muke dawowa, ni ina mita, shi yana yi mini dariya.

Shekarun nan ne da sojoji suka ɗauki kiɗa da rawa suka jera su cikin manyan laifuka. Biki sai da takardar izini, kuma da an ɗan jima bayan isha'i dole a kashe na'ura. Namiji da mace su yi rawa wuri ɗaya, bulala. Yarinya ta sa wando, bulala. Mu masu shayi ma ba mu tsira ba. Kana cikin zuba wa mutum sukari sai boksi ta tsaya, wato motar nan mai buɗaɗɗen baya, a kwashe kujeru da butoci a watsa ciki, kai kuma ka bi su da ido. Gari ne da kowa ya koyi rage murya, har a ɗakin uwarsa.

Gidan rawar da nake magana ba shi da suna, ba shi da allo, kuma ba da dare ake yin sa ba. Tsohon ɗakin kaji ne a wata gona a Soba, can wajen bakin kogi. Annoba ta kashe kajin, ɗan mai gonar ya karɓi makulli. Wani siririn ɗan jami'a ne mai tabarau, ba ya jin Hausa, yana ce mini halti kamar ni ƙanwar uwarsa ce. Shi da Auta suka toshe tagogi da tsofaffin katifu, suka manna kwalayen ƙwai a bango tun daga ƙasa har rufi don kada sauti ya fita, suka rataya ƙwan lantarki guda da suka shafa wa jan fenti. Ranar Juma'a ake taruwa, bayan an sauko daga masallaci, lokacin da duk gari ya ci ya kwanta har da masu kamun. Kafin magariba kowa ya kama gabansa. A waje rana na ƙuna, a ciki kuwa duhu da zufa da warin kashin kaji da bai taɓa barin wurin ba.

Kwalin ƙwai kaɗai ba ya rufa asiri. Abin da ke rufa shi shi ne injin ban ruwa da ke bakin kogi, tsohon inji mai bugu kamar ana daka a turmi. Muddin yana aiki, wanda ke kan hanya ba zai raba bugunsa da na Auta ba. Saboda haka dokar wurin guda ce, inji ya tashi kiɗa ya tashi, inji ya tsaya kiɗa ya tsaya. Ɗan mai gonar ya so a ja wutar na'urorin daga injin, yadda in ya mutu komai zai mutu tare da shi. Auta ya ƙi. Wai wutar injin rawa take yi, tana sa kaset ya ja murya. Ya je ya tara batiran mota, yana ɗawainiya da su kamar jarirai.

Kiɗan kansa babu waƙa a cikinsa. Bugu ne kawai ba ƙaƙƙautawa, da wasu ƙararraki da in rediyo ya yi su a rumfarsa cewa zai yi ya lalace. Kaset ɗin yana samun su ne wajen masu dawowa daga Alƙahira da ma'aikatan jirgin ruwa, an kwafa an sake kwafa har ba a san daga bakin wa suka fito ba. Rikoda biyu ya farke, ya dasa wa kowacce maɓallin da ke ƙara mata gudu ko rage shi, ya haɗa su da wani akwatin katako da ya ƙera da hannunsa. Wani lokaci yakan zura kalangun wani tsohon bikin unguwarmu a ƙarƙashin bugun. Nan take sai 'ya'yan Hausawa su kwashe da ihu, sauran suna ta tambayar mene ne wannan.

Zuwana na farko kamo shi na je yi. Na ji ƙishin-ƙishin a kasuwa, na hau mota har Soba da niyyar in ja kunnensa gaban kowa in kai shi gida. Da na shiga ɗan ɗakin gaba, inda a da ake ajiye abincin kaji, sai na tarar da tob-tob, wato manyan mayafai, na 'yan mata da abayoyinsu jibge a ƙasa, ana tattakawa. Da su suke lulluɓe wandunansu a hanya, in sun iso su yar su faɗa ciki. Haushi ya kama ni, na ce waɗannan ba su da iyaye ne? Na durƙusa ina kakkaɓewa ina ninkewa. Kafin in gama an tashi, kowace ta zo tana karɓar nata a ninke tana yi mini godiya. Juma'ar da ta biyo da butata da garwashina na zo, da tulun zoɓo. Inna kuma muka ce mata biki muke zuwa yi wa aiki.

Ban taɓa son kiɗan ba, kuma har yau ban canza ra'ayi ba. Amma na ga masu zuwa. Akwai 'ya'yan Kudu da yaƙi ya koro, akwai 'yan Nuba masu aikin gini da siminti a farcensu, akwai 'yan jami'a, akwai namu da rabin maganarsu Larabci ne, har da 'ya'yan manyan da iyayensu ke sa hannu a kan dokar bulalar. Suna shigowa fuska a ɗaure, kafaɗa a sama, kowa na waiwaye. Suna fita jiƙe sharkaf, suna dariya da baki buɗe irin wadda na daina gani a kasuwa. Wannan ya sa na kame bakina.

Kuma ba su da kara ko ta sisin kwabo a wurin nan, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. In dije ya kuskure haɗi, bugu biyu suka saɓa, sai ka ji kamar jaki na gudu da amalanke a kan kwalta. Take ɗakin zai ɗauka, "Jaki ya shigo! Jaki ya shigo!" Wani ya yi fito, wata ta wurgo silifa. Auta da ake ji da shi a duk garin bai tsira ba, Juma'a ba ta wucewa ba a yi masa ba. Sai ya ɗaga hannu ba tare da ya juyo ba, ya gyara. Teburinsa a lungu yake, fuskarsa ga bango, bayansa ga jama'a, wai kallon 'yan mata na ɓata masa lissafi. Na taɓa tambayarsa ko zagin ba ya yi masa ciwo. Ya ce, "Yaya, ai zagin nan shi ne shaidar suna saurare."

Ranar da abin ya faru ana cikin wahalar mai a gari. Tsohon da ke kula da injin ya zuba ɗan abin da ya samu, ya kishingiɗa ƙarƙashin mangwaro, barci ya ɗauke shi. Inji ya shanye mansa ya yi shiru. A cikin ɗaki ba wanda ya sani. Ni ma da ke jingine da bango ɗaya da lasifika ban lura ba. Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da kiɗan nan ya yi yana yawo tsirara a kan gonakin mutane, da kuma kunnen da ya faɗa.

Sai ga tsohon a guje ba takalmi, yana nuna hanya da hannu. Na leƙa, na hango ƙurar boksi biyu sun baro kwalta. Na banke ƙofar ciki na kurma ihu. 'Yan mata suka yo kaina, kowace ta fizgi tob ɗin da hannunta ya kai gare shi, aka tura ni cikin ɗakin da ƙarfin tsiya, aka yi ƙofar baya da ni, wadda a da ake fitar da taki ta cikinta. Ina ta kiran Auta a cikin duhun nan. Wani ya ce mini, "Ya fita, halti, yalla, mu tafi!" Kiɗa na tashi, amma kaset ai da kansa yake juyawa, don haka na yarda.

Bayan ɗakin gonar dawa ce ta abincin shanu, ta fi tsawon mutum. Muka watsu a ciki. Na kwanta a lambatun ruwa, laka har haɓa, wata yarinya da ban sani ba ta riƙe wuyan hannuna. Muna jin motoci suka tsaya, muna jin ana dukan ƙofar gaba. A cikin wannan hali ne na ji wani bugu ya shigo ƙarƙashin na farko, a hankali, ya zauna daidai a kansa, suka yi tafiya tare, sannan tsohon ya zare jikinsa. Ko ni da ba na son abin na san ba a taɓa yin mai tsabta irin wannan ba a ɗakin. Kuma na san kaset ba ya haɗa kansa. Na yunƙura zan tashi, yarinyar nan da wani saurayi suka danne ni, ya toshe mini baki da hannunsa mai laka, har na cije shi. Sabon kiɗan bai yi nisa ba ya katse.

Shi kaɗai suka tarar a ɗakin da aka ce musu cike yake da maza da mata, sai haushin ya ƙare a kansa. Na farkon ya buga masa gindin bindiga a kan samma'ar, ta tarwatse a kunnensa. Sauran suka bi da mari. Wannan daga baya na ji, da kaɗan-kaɗan, don ba labarin da yake son bayarwa ba ne. Ya kwana a hannunsu kwanaki, ina kai abinci ana karɓa a ƙofa ban san cikin wa yake shiga ba. Aka yi masa bulala a tsakar gidan kotu, aka aske masa kai, aka riƙe na'urorinsa. Ranar da ya dawo, yana tafiya yana karkata gefe guda, da busasshen jini a wuyan rigarsa. Inna ta dube shi, ta dube ni, ta gane irin bikin da muke zuwa. Ta je ta ɗumama man riɗi ta ɗiga masa a kunne.

Da ruwa ya fara fita daga kunnen muka kai shi asibiti. Likita ya yi mana faɗa kan man, ya leƙa, ya buga wani ƙarfe ya kai masa nan ya kai masa can. Ya ce na hagu ya tafi, ba ya dawowa. Na dama yana ji, amma akwai ƙara a cikinsa irin kukan gyare, wataƙila ta ragu, wataƙila ta zauna. Auta ya tambaye shi ko mutum na iya koya wa kunne ɗaya ya saurari abu biyu. Likita ya ce ya gode wa Allah da ya bar masa ɗayan.

Kafin ya warke labari ya riga ya zaga. Wai Auta ya ga motocin, ya tsaya da gangan yana kiɗa don a ɗauka mutane na ciki, har kowa ya tsere. Suka riƙa zuwa gaishe shi, da dabino da sukari, suna zama a gindin darbejiya suna kallonsa kamar wanda ya dawo daga Hajji. Da suka tafi wata rana ya ce mini, "Yaya, wallahi ban san an gudu ba. Ina tsakiyar haɗi ne." Ya gaya musu hakan su ma. Suka ce ka ji mutumin kirki, ga jarumta ga tawali'u.

Watannin da suka biyo ba su da daɗi. A rumfa mai rediyo zai tsaya ta hagunsa ya yi ta magana Auta bai ji ba, sai mutumin ya ɗauka wulaƙanci ne ya ɗauki kayansa ya tafi. In an kira shi sai ya juya duk inda ba nan ba. Wajen tsallaka titi ni nake riƙe masa hannu, ƙato da shi. A gida ya daina cin abinci, ya rame, ya zauna yana kallon bango. Ina jin tausayinsa har ƙirjina na zafi, kuma ina jin haushinsa, don da ya ja wutar nan daga injin da ba a kai ga haka ba. Ban taɓa faɗa masa ba, shi ma ya sani.

Sai wata rana ya dawo daga kasuwa da gawar rikoda biyu a buhu. Ya baje su a tabarma, ya kunna ƙarfen narka dalma. Ranar ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari. Inna ta ga abin da yake haɗawa, ta kuma ga kwanon, ta kawar da kai.

Ya fito da dabararsa. Ya kifa samma'a a kunnen dama ya ji mai zuwa, ya ɗaga ya ji na ɗaki, ya sake kifawa, yana riƙe bugun farko a kansa. Ya cire takalmi ya taka katakon lasifika don bugun ya shigo masa ta tafin ƙafa. A ɗakinsa, da sauti ƙasa-ƙasa, yakan dace. Ya kira ni in zo in ji, na ce ni duk ɗaya ne a wajena, ya ce to ai shi ke nan an dace.

Ɗan mai gonar ya samo wani ɗakin a gonar kawunsa, ya fi kusa da kogi, shi ma da injinsa. Wannan karon aka sa mutum a kan tudun ƙasa yana gadin hanya, ana karɓeɓeniya. A watannin jinya shi ɗan mai gonar ya koyi haɗi, don haka suka raba lokaci, Auta ya fara, shi ya ƙarasa. Ranar da aka buɗe, da Auta ya shiga sai da suka ɗaga shi sama. Na zauna a ɗakin gaba da butata, tsakanina da su labule ne da bai kai ƙasa ba.

Haɗin farko jaki ya shigo. Ba ƙaramin jaki ba, har ni na ji shi. Rufin kwano ne, sauti na dawowa, abin da ƙafarsa ke ji daban, abin da kunnensa ke ji daban, ga gyaren nan na kuka a ciki. Na sunkuyar da kai ina jiran ihun. Sai na ji tafi. Haɗi na biyu haka, tafi da guɗa. Ya fito ranar yana sheƙi, ya ce mini, "Kin ji, Yaya? Hannu bai manta ba."

Mu muna ce wa abin nan kara, maƙwabtanmu Larabawa suna ce masa mujamala, kuma duk garin da shi aka yaye mu. Ba a duban mai rauni a gaya masa rauninsa, balle wanda ake ganin don kai ya same shi. Ɗakin kajin nan shi ne wuri ɗaya da na sani a Hartum inda ake ajiye kara a ƙofa tare da tob, kuma ga shi ta bi su har ciki. Juma'a bayan Juma'a suna yi masa tafi. Amma na lura butata ba ta taɓa ƙarewa da wuri kamar a lokacinsa ba. Sai su sulalo ɗaya bayan ɗaya wai shan iska, su tsaya suna kurɓar shayi, ido a ƙasa, har ɗan mai gonar ya karɓa su koma a guje. Wasu ma suka koyi zuwa a makare. Shi kuwa fuskarsa na bango.

Na tare ɗan mai gonar na ce su gaya masa. Ya cire tabarau yana gogewa ya ce, "Ya halti, mutumin da ya ba da kunnensa dominmu? Da wane baki?" Na ce da bakin da kuke zaginsa da shi a da. Ya ce malesh, wato in yi haƙuri, a ba shi lokaci. Na kai wa Inna maganar, ita da ko sunan wurin ba ta son ji. Ta ce, "Yana cin abinci ko ba ya ci?" Na ce yana ci. Ta ce, "To ki bar shi. In kika buɗe baki, ni da ke ne."

Auta ne ya zo da kansa. Wata Asabar da safe ina suyar zalabiyar da zan tafi da ita kasuwa, ya fito ya tsuguna kusa da murhu, ya zagayo yadda kunnensa na dama zai fuskance ni.

Ya ce, "Yaya, yaushe rabon da a ce jaki ya shigo?"

Na ce ni ina ruwana da jakunanku, ya matsa kada mai ya fallatsar masa.

Ya ce, "Lokacin da kunnuwana biyu ke lafiya, Juma'a ba ta wucewa ba a jefe ni da silifa ba. Yanzu da ɗaya na zama wanda ba ya kuskure? Jiya da gangan na saki wani haɗin, na bar shi ya watse. Yaya, guɗa aka yi mini."

Na ci gaba da juya zalabiya. Ina jin motsin Inna a bayan labulen ɗakinta.

Ya ce, "Ke ba kya son kiɗan, kuma ba kya jin kunyata. Ke kika wanke mini kashi. Gaya mini."

Na ce, "Ni ban san haɗi ba, Auta. Ƙafafu nake gani ta ƙarƙashin labule. Da can tare suke sauka. Yanzu in ka zo canji, rabi su sauka rabi su jira, wasu su tsaya cak suna tafi don kada a ga sun rasa inda za su taka."

"Kowane haɗi?"

"Kusan kowanne."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka dawo."

Zalabiyar da ke cikin kasko ta ƙone. Na so ya yi faɗa, ya zage ni, ya fasa wani abu. Sai kawai ya ce, "Da sun zage ni tun ranar farko, da na san inda na tsaya. Sun bar ni ina ta yi musu wasan yara suna tafa mini." Ya miƙe ya ce, "Halas, shi ke nan." Ya je ya ɗauko mini kwandon kofuna kamar kullum, muka tafi neman mota. Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata.

Na ɗauka ba zai sake zuwa Soba ba. Amma da Juma'a ta zagayo shi ya riga ni shiri. Ya ɗauki batiransa, ya jera na'urori, ya duba kowace waya, ya goge kan rikoda da auduga. Mutane suka taru, inji ya tashi. Sai ya cire samma'ar daga wuyansa ya rataya wa ɗan mai gonar. Ɗakin ya rikice, ana ta "La, la, ya ustaz!", wato a'a malam, wata yarinya har da kuka. Ya ratsa su ya ɗaga labule ya wuce ni, ya hau tudun ƙasa, ya ce wa mai gadin ranar ya sauka ya je ya yi rawa.

Na bari aka ɗan jima, na zuba shayi na bi shi. Rana na dukan tudun nan ba ko inuwar kara. Na yi masa magana bai juyo ba, sai na gane ta hagunsa na tsaya, na zagaya. A lokacin na ga yadda ya zauna. Mataccen kunnen ya ba wa ɗakin rawa, mai ran ya ba wa hanya. Ta tafin ƙafata ina jin ƙasa na motsi, a ciki an yi wani haɗin ɗakin ya ɗauki ihu. Hawaye suka zubo mini, na bar su, don ba ni yake kallo ba.

Ya karɓi kofin ya kurɓa, idonsa a kan kwalta. Ya ce, "Yaya, an fara?"

Na ce an fara.

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da kallon hanya.